Gwaggo Shiru Da Kiwon Littattafai

Jama'a, a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai goyo ta lallashi ɗanta, mai injin niƙa ya taimaka ya kashe. Ga ta nan tafe: Mai Girma Shugabar Laburaren Garinmu, Babbar Kwamandar bahuna da bokitai, dodon gara da ɓeraye, wadda ta taɓa korar Hedimasta daga ɗaki saboda atishawa, mace ɗaya tilo a doron ƙasa da ta kai littafi kiwo kamar akuya. Gwaggo Shiru ke nan, ƙanwar mahaifina. In kun ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa tana ɗan jan ƙafar hagu, da makulli rataye a wuya da igiyar takalmi, ita ce. Ku gaishe ta ku wuce. Kada ku tambaye ta makullin na ina ne.

Ni da nake wannan shela ba kowa ba ne. Makaranta na bar ta a tsakiya, ita ma ba ta biyo ni da kuka ba. Na je birni na yi kwandasta, na yi tallan gilashin waya, na koyi walda har idona ya ce shi bai amince ba, na dawo gida da jaka ɗaya da dogon baki. Mutanen gari suna ce min Ɗan Yawo. Gwaggo kuwa "Kai Wannan" take ce min tun ina rarrafe. Abin da zan ba ku labari shi ne yadda ta riƙe ɗakin karatun nan shekara da shekaru, da daminar da aka zo raba ta da shi.

Da na dawo, ba karatu ne ya kai ni laburare ba, kada in yi muku ƙarya. Siminti ne. Ƙasan ɗakin yana da sanyin da babu irinsa a garin, kuma nan ne kaɗai mutum zai yini a zaune ba a tambaye shi me yake yi da rayuwarsa ba. Na shiga da ƙarfina na ce, "Gwaggo, ga ɗanki ya dawo daga yawon duniya!"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Shiru. Cire takalmi."

Ɗaki ɗaya ne, tsakanin ɗakin shan magani da injin niƙa. Wanda ya zaɓi wurin, Allah ya yafe masa. Ta hagu yara suna ihun allura, ta dama inji yana girgiza bango, a tsakiya Gwaggo tana cewa a yi shiru. Akwai kantocin katako jingine da bango, da dogon tebur wanda ƙafarsa ɗaya ke tsaye bisa rabin bulo, da benci biyu, da fankar sama da ban taɓa ganin ta juya ba, zanzaro ma ya yi gida a jikinta. Akwai ƙwallon taswirar duniya da ya taɓa faɗuwa ya lotsa, wata babbar ƙasa ta shige ciki gaba ɗaya da mutanenta. Sai silin. Silin ɗin nan ya sha ruwa har ya zana tasa taswirar, launin shayi, kuma kowace damina ƙasashensa ƙaruwa suke yi.

Ba a shugaba ta shiga ɗakin ba. Shara aka ɗauke ta, tana da ƙuruciyarta, a shekarar da mijinta ya faɗo daga kan motar itace bai ƙara tashi ba. A lokacin akwai ma'aikacin gaske, mai tabarau da biro a aljihu. Shi ya koya mata haɗa baƙi har take iya karanta abin da ke bangon littafi, in haruffan manya ne kuma ba a tsaya mata a ka ba. Wata rana aka yi masa canjin wurin aiki. Ya miƙa mata makulli ya ce ta riƙe kafin a turo wani. Lokacin ba a haife ni ba. Har yau ba a turo ba, kuma a wajen hukuma har gobe mai shara ce.

Daga wajen mai tabarau ta gaji kalmar nan, "Shiru," ta riƙe ta kamar ita ce rabin aikin. Ba ta da babba ba ta da yaro. Ranar da Hedimasta ya shigo da mura ya jero atishawa a kan buɗaɗɗen littafi, ta nuna masa ƙofa da tsintsiya, ya fita yana ba da haƙuri, ɗalibansa suna kallo. Tun daga ranar sunanta na yanka ya ɓata.

Ɗanta ɗaya ne. A ƙarƙashin dogon teburin nan ya girma, ya karance kantocin kaf, karatun ya ɗauke shi ya kai shi nesa. Da farko yana kira, daga baya sai saƙo, daga baya sai labarinsa a bakin mutane. Ba ta zancensa. Amma akwai wani littafin jiragen ruwa mai manyan hotuna da ba ta bari kowa ya taɓa, kuma duk garin mun san dalili, muna yin kamar ba mu sani ba.

Kada ku ɗauka masana ne ke cika wurin. Matan da suka kawo niƙa nan suke jiran layi, su zauna a benci su buɗe littafin hotuna, wata ma a juye take riƙewa, ba ruwan kowa. Tela yana zuwa ya kwafi wuyan riga daga wata tsohuwar mujalla, shi ya sa duk garinmu muke sa ɗinkin da duniya ta daina yayi tun kafin a yi mu. 'Yan jarrabawa suna zuwa saboda a gidajensu ba tebur. Miji da mata in rigima ta yi zafi, ɗaya ya gudo nan, domin ba mai iya biyo shi da faɗa. Gwaggo za ta tsaya a ƙofa ta faɗi kalmarta, sai ka ga faɗan ya rasa wurin zama ya juya gida shi kaɗai.

Sai Tsohon Soja, makaho, wanda kullum yake zuwa da sandarsa ya zauna a bakin taga ya jira wanda Allah zai kawo ya karanta masa jarida. Shi kaɗai aka yarje wa a yi masa karatu da murya, ita ma ƙasa-ƙasa. Tun dawowata ni Allah yake kawowa. Jaridun sun girme ni, amma bai damu ba, ya ce labari in dai bai ji shi ba sabo ne. In na gaji sai in ƙara nawa a ciki, in kashe wani minista, in aurar da wani. Sai ya buga sanda a ƙasa.

"Ɗan Yawo, karanta abin da ke takarda. Ido ne ba ni da shi, ba hankali ba."

To, ga zancen kiwo. Kwanon rufin ɗakin ya tsufa, ya huhhuje kamar rariya. An kai kuka hukuma har kukan ya gaji. Shekarar da ruwa ya fara ci mata kanta guda, Gwaggo ta kwashe littattafan da suka kumbura ta shanya a rana, suka bushe suka murɗe kamar ganye, fumfuna ta cinye sauran. Daga nan ta yi wa kanta dabara. Da zarar hadarin farko ya haɗo, sai ta fara rabon littattafai gida-gida, ga duk wanda rufinsa ba ya yoyo. Da ƙafarta take zuwa, ta ɗaga kai ta duba sama, ta shafa bango ta ji ko da laima. In gidanka ya yi mata, sai ta aiko da rabonka tare da sharuɗɗa: ba a ajiyewa a ƙasa, ba a kai su kusa da murhu, yaro mai hannun maiƙo ba ya taɓawa.

"Na ba ka kiwo," haka take cewa. "In kaka ta yi, ka dawo min da su da ƙafafunsu."

Abin ya zama na alfahari. Gidan da aka hana kiwo, maigidan don kunya sai ya hau sama ya gyara rufi. Kuma littafi in ya yi wata da watanni a ɗakinka, ruwa na zuba a waje, ba wurin zuwa, ko ba ka so sai ka buɗe. Mahaifina da bai taɓa taka laburare ba, a haka ya karance littafin kiwon zuma har ya fara yi wa mutane gardama a kai. Wato lokacin da kantoci suke wayam, shi ne lokacin da garinmu ya fi karatu. Ɗakin kuwa sai ya koma na bahuna, kowane huji da nasa. Mutane suna ci gaba da zuwa su zauna a tsakaninsu, ɗigo yana ta kiɗa, shi kaɗai ne ba ya jin tsawar Gwaggo.

A tsakiyar daminar bara labarin ya zo. Hedimasta ne ya kawo shi, yana haki. Wai hukuma na neman wurin ajiye takin zamani a kowane gari, kuma ba za a gina sabo ba. Za a turo jami'i ya duba laburarenmu. In ya ga ana amfani da shi, a bar shi, wataƙila ma a yi masa rufi. In ya ga ba a yi, a kwashe littattafai a zuba taki.

Aka taru a ɗakin da yamma, kowa yana kaucewa baho. Hedimasta ya dubi kantocin da ba komai a kansu sai kashin ƙadangare, ya girgiza kai.

"Yaya," ya ce wa Gwaggo, don ta girme shi, "in baƙon nan ya shigo ya ga haka, mun kaɗe. Laburare ba littafi? Ai kamar asibiti ne ba gado. Dole a dawo da su duka kafin ranar."

"Damina ce," in ji Gwaggo.

"Yini ɗaya ne fa."

"Hadari bai san yini ɗaya ba."

Tela ya ce, "Ni abin da ya fi damuna bahunan nan ne. Mutum ya taso daga birni ya tarar da mu da roba ko'ina kamar gidan wanki? Ga silin kamar katifar mai fitsarin kwance? Ai mun tozarta. Ina da farin yadi. In na ja shi a sama daga bango zuwa bango, ko wanda ya yi ginin ba zai gane ba."

Na ce, "A kawo hoda ma a shafa wa Gwaggo."

"Shiru!" in ji rabin ɗakin a lokaci guda.

Gwaggo ta ce, "Ku bar mutumin ya ga abin da ke nan. In bai ga yoyo ba, wa zai ba mu rufi?"

Hedimasta ya yi irin murmushin da ake yi wa wanda bai zauna a aji ba. "Yaya, ba ki san mutanen nan ba. Hukuma ba ta ɗaga wanda ya faɗi, sai wanda ta gani a tsaye take ba sanda. In suka ga ɗakin ya lalace, cewa za su yi ba ya gyaruwa. A fara tsira da ɗakin tukuna, rufi ya biyo baya."

Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Duk wanda ke ɗakin nan son laburaren yake yi. Haka aka tashe mu: in baƙo zai zo, a ɓoye tsumma, a shimfiɗa sabuwar tabarma ko da aro ce. Gwaggo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba mai goyon bayanta sai makaho da ni, wato ba kowa. Ta murza makullin wuyanta.

"To," ta ce.

Ban taɓa jin ta ce wa wani "To" a cikin ɗakin nan ba sai ranar.

Kiwo ya dawo gida ba lokacinsa ba, a ka, a baro, a bayan keke. Wata mata ta kawo nata tana mita, wai saura ƙiris ta ji ko an gano yarinyar da ta ɓata a cikin labarin. Mahaifina ya kawo na zuma da tsinke a inda ya tsaya, Hedimasta ya zare tsinken ya ce ba a son datti. Da ya ce duka, duka yake nufi, har littafin jiragen ruwa, wanda kowace damina a ƙasan matashin Gwaggo yake yin nasa kiwon. Aka goge su, aka jera dogo kusa da dogo, gajere kusa da gajere. Duk wanda ya ji hannu, bangonsa ya yage ko gefensa ya yi baƙi don yawan buɗawa, aka tura shi baya ya jingina da bango. Aka fito da masu ƙyalli gaba, wasu dirka-dirkan littattafan dokokin haraji da na gyaran kan jirgin ƙasa, waɗanda ko gara ba ta sha'awarsu. Bahuna aka kai bayan ɗakin shan magani aka kife. Tela ya ja yadinsa ya buga ƙusa, sai ga sama fari fat kamar ɗakin otal. Har ni sai da na cire takalmi ba a ce min ba.

Ranar zuwan baƙo aka roƙi mai inji ya kashe, don haka matan niƙa ba su zo ba. 'Yan jarrabawa aka ce su tsaya a bakin hanya su yi layi su tafa. Tsohon Soja ya taho da sandarsa kamar kullum, Hedimasta ya tare shi a ƙofa.

"Baba, yau a yi haƙuri. Makaho a laburare, baƙo zai ɗauka wasa muke yi."

Ni ma aka ce in bi shi, wai bakina ba shi da linzami. Muka zauna a gindin bishiyar da ke bayan taga, shi yana ji, ni ina gani, muka haɗu muka tashi mutum ɗaya cikakke.

Baƙon bai yi kama da mugu ba. Matashi ne siriri, da jaka a kafaɗa da takalmin da ya sha caɓi, da gani garinmu ba shi ne na farko ba a ranar. Ya gaishe da Gwaggo har da russunawa. Ya shiga ya tsaya a tsakar ɗaki, ya juya. Ba kowa a benci. Ya bi kantoci da yatsa, ko gurbin littafi ɗaya babu. Ya zaro ɗaya daga na gaba ya buɗe, shafukan suka yi ƙara irin ta abin da ba a taɓa buɗewa ba.

"Duka littattafanku ke nan?"

"Duka, ranka ya daɗe," in ji Hedimasta, ƙirji a gaba. "Ko ɗaya bai ɓata ba. Ko ɗaya ba ya waje."

"Ko ɗaya ba ya waje," baƙon ya maimaita a hankali.

Tsohon Soja ya dafa gwiwata. "An harbe mu," ya ce.

Baƙon ya ɗaga kai ya dubi farin yadi. "Rufin fa? Yana zuba?"

Tela na tsaye daidai ƙarƙashin aikinsa. Hedimasta ya dubi Tela, Tela ya dubi ƙasa. Wanda ya riga ya ce sabuwar tabarma tasa ce, ba ya komawa ya ce aro ce.

"Ko ɗigo," in ji Hedimasta.

"Madalla. Garuruwan da na biyo duk ɗakunansu yoyo suke yi. Shi kuwa taki ba ya son ruwa."

Sai a nan Gwaggo ta yi magana. Muryar da ke tsayar da faɗan ma'aurata, ranar ƙanƙancewa ta yi.

"Ɗana, suna fita. Kiwo nake ba da su."

"Kiwo, Mama?"

"Gida-gida. In damina ta yi."

"To ai damina ake ciki, Mama, ga su kuma a nan."

Da taushi ya faɗa, yadda ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Hedimasta ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai mai shara ce, ta daɗe a wurin, akwai ta da barkwanci. In har za ta ƙarasa bayani, dole sai ta ɗaga hannu ta nuna yadin nan, ta mai da Hedimasta da Tela maƙaryata a gaban baƙo, mutanen da ta san iyayensu. Na ga hannun ya ɗan motsa. Ya koma kan makulli.

Na miƙe na zura kai ta taga. "Yallaɓai, ja yadin nan ka ga ƙasashen duniya!"

Baƙon ya juyo. Hedimasta ya ce, "Kada ka kula shi, ranka ya daɗe, ɗan garin nan ne, kansa ba daidai yake ba." Wani ya jawo tagar ya rufe. Ribar mai wasa da baki ke nan, ranar da ya faɗi gaskiya ita ma dariya ake yi mata.

Aka raka baƙo har mota, yara suka tafa. Mutane suka dawo suna gaisawa da juna. "Ka ga yadda ya yaba? Har madalla ya ce!"

"Ya yaba wa taki," in ji Tsohon Soja daga gindin bishiya.

Dariyar ta fara mutuwa a fuskoki, ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tuna yana da aiki a gona, aka watse.

Rana ba ta gama karkata ba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Waɗanda suka kawo littattafai duk suna can bakin gona, ba mai kwashewa. Muka ruga ɗauko bahuna, ni da Tela da nas ta ɗakin shan magani, Gwaggo tana jan ƙafa tana nuna inda kowanne zai zauna. Ba amfani. Ruwan da ya saba saukowa ɗigo-ɗigo, kowanne a bahonsa, sai ya taru a cikin yadi. Yadin ya yi ciki, ya dinga kumbura yana saukowa kamar tumbin saniya. Tela ya haye tebur zai zare ƙusa ta wajen ƙofa don ruwan ya bi can, ƙafar da ke kan bulo ta goce, ya riƙo yadin don kada ya faɗi. Ƙusoshin gefe guda suka fita tare. Ruwan ya juye gaba ɗaya a jikin bangon da manyan kantoci suke.

Ranar ba sai da Gwaggo ta ce "Shiru" ba.

Na dokokin haraji ba abin da ya same su, bangonsu kamar fatar kada. Ruwan bango ya bi ya gangara ta baya, inda aka ɓoye masu taushi, waɗanda gari ke so. Na zuma ya sha. Na yarinyar da ta ɓata ya sha, har yau ba a san ko an gano ta ba. Gwaggo ta zura hannu bayan kanta ta zaro na jiragen ruwa. Shafukan sun manne sun zama curi ɗaya. Ta tsaya tana goge bangon da gefen mayafinta, tana gogewa, tana gogewa. Na so in ce ai jirgin ruwa ba ya tsoron ruwa. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye ta.

Hedimasta, in ba shi haƙƙinsa, ya yi ta zarya zuwa birni yana rantsuwa rufin na yoyo. Aka ce masa ai da bakinsa ya ce ko ɗigo. Garin neman gira an rasa ido. Aka aiko cewa a zuba littattafai a buhu, mota za ta zo ta ɗauka. Motar ba ta zo ba, ta taki ce ta zo. Ruwan farko da ya taɓa buhunan gaba, takin ya narke ya bi ƙasa, sai ga kafintoci daga birni da sababbin kwanuka. Rufin da Gwaggo ta tsufa tana roƙo, taki ya same shi kafin damina ta fita. Yanzu ɗakin ko ɗigo ba ya yi. Hedimasta bai yi ƙarya ba ke nan, gaggawa kawai ya yi.

Littattafan da suka tsira ba ta bar su a buhu ba. Ta sake bin gida-gida ta raba, da sharuɗɗan nan nata, ba a ƙasa ba, ba kusa da murhu ba. Sai dai ba ta ce wa kowa ya dawo da su ba. Da kaka ta yi wasu suka kawo mata har gida don sabo, ta ce ba ta da inda za ta sa, su koma da su. Na ga wani an tokare ƙofa da shi. Ban gaya mata ba.

Matan niƙa yanzu a rana suke jiran layi. 'Yan jarrabawa a gwiwa suke rubutu. Ma'aurata in sun fara faɗa sai sun kai shi ƙarshe. Tela in ya hango Gwaggo sai ya canza hanya, kuma ya daina sayar da farin yadi. Tsohon Soja yana nan yana zuwa bakin tagar, ta waje, duk da warin taki. Rannan da ba abin karantawa na karanta masa rubutun jikin buhu, yawan da ake zubawa da gargaɗin kada yara su taɓa. Ya saurara har na gama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ƙara naka a ciki mana, Ɗan Yawo."

Gwaggo kuwa ba a kore ta ba, tunda a wajen hukuma mai shara ce. Kullum da safe tana zuwa da tsintsiyarta ta share ƙofar sito, ta zagaya gindin taga, ta koma gida. An canza kwado. Makullin yana nan a wuyanta.

Da na gama haɗa wannan shela na ɗauka na tafi wajenta. Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, da littafin jiragen ruwa a cinya, tana zura tsinken tsintsiya tsakanin shafukan da suka manne, tana raba su a hankali. Wani ya rabu, wani ya taho da rabin hoton maƙwabcinsa. Na tsaya a gabanta, na gyara murya, na ɗaga hannu sama, na fara tun daga "Jama'a, a gyara zama." Na ba ta Mai Girma, na ba ta Babbar Kwamanda, na ba ta dodon gara da ɓeraye, har kajin gidan suka tsaya suna kallona. Ba ta ɗago kai ba.

"Ka gama?"

"Gabatarwa ce kawai, Gwaggo. Duniya za ta san da ke."

"Da a ɗakin can ne da tuni ka sha kora. Matsa, Kai Wannan, ka tare min haske."